Warin Ƙasa a Ruwan Tafki: Haske, Girma da Mutuwar Gansakuka, Tare da Misali Daga Ƙasar Daura

1. Gabatarwa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya zauna a ƙasar Daura, ko a wani wuri na arewacin ƙasar Hausa inda mutane da dabbobi su ke dogara ga tafki da kududdufi da madatsar ruwa, ya san akwai lokacin da ruwa ya kan ɗauki wani irin wari mai kama da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko na ɗakin da ya yi rima. A tace shi da ƙyalle, a jefa masa alam har ya kwanta ya yi garau, amma in an kai shi baki sai a ji warin na nan. Wani lokaci har kifin da aka kamo daga ruwan ya kan ɗauki ɗanɗanon taɓo.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana asalin wannan wari bisa ga abin da masana suka gano daga shekarar 1965 zuwa yau. Abin da za a nuna a taƙaice shi ne: wasu ƙananan halittu na cikin gansakuka ne su ke ƙera warin, kuma suna ƙera shi daga kayan da su ke gina launin da su ke kama hasken rana da shi. Saboda haka ƙarfin warin ba ya bin yawan koren da ido ya ke gani a bisa ruwa. Abin da ya ke bi shi ne hasken da ya ke shiga ruwan, da saurin girman halittun, da lokacin mutuwarsu.

2. Maganar suna

Hausa tana da yalwar kalmomi game da abin da hanci ya ke ji. Akwai ƙamshi da wari da ɗoyi. Akwai ƙarni na kifi da jini, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami na bunsuru. Abin lura shi ne, abin da mu ke magana a kansa suna biyu gare shi, gwargwadon inda aka gamu da shi. In ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar gona, manomi ya kan ce ƙamshin ƙasa, har ransa ya yi fari. In kuwa ya ji shi cikin moɗa, sai ya yamutsa fuska ya ce ruwan yana warin laka. Alhali kuwa, kamar yadda za mu gani, sinadarin da ya fi ƙarfi cikin biyun ɗaya ne.

Haka kuma kalmar gansakuka ta haɗa halittu iri-iri waɗanda ba dangin juna ba ne. Duk koren da ya rufe ruwa, ko ya yi santsi a bakin rijiya, gansakuka a ke ce masa. Ba kainuwa ko bado mu ke nufi ba, don su tsire-tsire ne sosai, da ganye da saiwa. A cikin gansakuka, kashi ɗaya ne ya shafe mu, shi ne wanda masana su ke kira sayanobakteriya.

3. Mece ce sayanobakteriya

Da can Turawa masana suna lissafa ta cikin tsire-tsiren ruwa, saboda launinta kore ne mai ratsin shuɗi, kuma tana rayuwa da hasken rana kamar yadda ganye ya ke yi. Amma da aka duba ginin ƙwayarta da kyau, sai aka ga ita bakteriya ce. Cikin shekarun 1970 wani masani mai suna Roger Stanier da abokan aikinsa suka tsaya a kan a sake mata suna, aka koma ce mata sayanobakteriya, watau bakteriya mai launin shuɗi. Masana tarihin ƙasa sun ƙiyasta cewa ita ce ta fara cika sararin duniya da iskar oksijin, wajen shekara miliyan 2,400 da suka wuce.

Ƙwaya ɗaya ba ta ganuwa sai da madubin likita. Waɗansu suna zama a dunƙule, waɗansu kuwa suna jeruwa kamar tsakiya a zare. Ta wajen mazauni a kan raba su biyu. Akwai masu yawo cikin ruwa, irin su Microcystis da Anabaena, waɗanda ke da ƴan jakunkunan iska a cikinsu, da su su ke tasowa sama su rufe ruwa kamar an zuba koren fenti. Akwai kuma masu shimfiɗa a ƙasan ruwa kamar tabarma, bisa taɓo da duwatsu, irin su Oscillatoria da Phormidium. Tsakanin biyun akwai irin su Planktothrix da Pseudanabaena, masu iya zama can ƙasa-ƙasa inda haske ya yi rauni. Wannan rabo yana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin masu warin ba sa cikin waɗanda a ke gani a sama.

Ba dukansu ne abin ƙi ba. Matan Kanembu na gefen tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wani iri suna shanyawa a kan rairayi, suna yin miya da shi, sunansa dihe a harshensu. Shi ne abin da a ke sayarwa yau a duniya da sunan sifirulina.

4. Yadda aka gano sinadaran warin

Tun 1891 wani Bafaranshe mai suna Berthelot da abokinsa André suka yi ƙoƙarin tatso abin da ke ba ƙasa ƙamshinta, amma ba su kai ga sanin ko mene ne shi ba. Sai a 1965 Nancy Gerber da Hubert Lechevalier, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, suka ware shi daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Streptomyces. Suka raɗa masa suna jiyosmin, daga kalmomi biyu na Yunananci masu ma'anar ƙasa da ƙamshi. Bayan shekara biyu, a 1967, Safferman da abokan aikinsa suka nuna cewa sayanobakteriya ma tana yin sa.

A 1969 aka gano sinadari na biyu, mai dogon suna, metil-aisoboniyol, wanda a ke taƙaitawa MIB. Shi warinsa ya fi kama da na hunhuna gami da ɗan kafur. A 1976 Tabachek da Yurkowski suka same shi a jikin sayanobakteriyar waɗansu tafkuna na Manitoba a ƙasar Kanada, inda kifi ya ke ɗanɗanon taɓo. A 1982 kuwa Izaguirre da abokan aikinsa suka bi sawun warin da ya dami masu shan ruwa a kudancin Kalifoniya har zuwa shimfiɗar Oscillatoria da ke ƙasan wata madatsa.

Abin mamaki game da sinadaran nan biyu shi ne kaifin hancin ɗan Adam a kansu. Mutane da yawa suna jin su in sun kai wajen nanogiram 10 cikin lita guda, waɗansu ma kafin nan. Nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na giram. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin: giram ɗaya tak ya isa ya sa wa lita miliyan 100 wari, watau duro 500,000 masu cin lita 200 kowanne. A kan wannan ma'auni na nanogiram 10 ne ƙasar Japan ta kafa iyakar da doka ta yarda a ruwan famfo, bayan doguwar wahalar da ta sha da tafkin Biwa tun 1969.

5. Yadda ƙwayar ta ke ƙera warin

A nan ne gindin maganar ya ke. A cikin ƙwayar akwai wani ƙaramin sinadari mai ƙwayar kabon biyar, wanda za mu kwatanta da tubali. Ƙwayar tana ɗora tubalan nan ɗaya bisa ɗaya, ta gina abubuwa daban-daban gwargwadon yawansu.

In ta haɗa tubali biyu, an sami kabon 10. Wani inzayim, watau sinadari mai gudanar da aiki cikin ƙwaya, ya kan ƙara masa kabon ɗaya, wani kuma ya lanƙwasa shi ya zama zobe. Wannan shi ne MIB, mai kabon 11.

In ta haɗa tubali uku, an sami kabon 15. Inzayim guda ɗaya ne ya ke lanƙwasa shi, sa'an nan ya gutsire kabon uku ya yar. Abin da ya rage shi ne jiyosmin, mai kabon 12. David Cane da ɗalibansa a Jami'ar Brown ta Amurka su ne suka warware wannan a 2006 da 2007, a 2008 kuma aka sami ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarninsa a jikin sayanobakteriya mai suna Nostoc. Ta MIB kuwa an same ta a sayanobakteriya a 2011.

In ta haɗa tubali huɗu, an sami kabon 20, kuma daga nan ne ta ke yin wutsiyar kulorofil, watau koren launin nan da ke kama hasken rana. In ta haɗa takwas, an sami kabon 40, shi ne karotin, launin ɗorawa mai kare ƙwayar daga ƙunar haske in ya yi yawa.

To, mai karatu ya lura: hanya ɗaya ce ta rabu huɗu. Misalinta kamar mai lambu ne da ya ɗebo ruwa ya zuba a babbar hanya, ruwan ya bi ta kan fangali huɗu. In ya ƙara ɗiba, kowane fangali ya kan samu ƙari. In kuwa ya toshe bakin fangalin ƙarshe alhali ruwa na ta zuwa, sai na farko su cika su tumbatsa. Kulorofil da karotin su ne manyan fangalin, jiyosmin da MIB ƙanana ne a gefen hanya. Duk abin da ya taɓa bukatar ƙwayar ga kulorofil labudda zai taɓa warin, kuma ba abin da ya ke taɓa wannan bukata kamar haske.

Wajibi ne a ƙara da cewa ba kowace sayanobakteriya ke da inzayim ɗin ba. Ko cikin iri ɗaya, wani zuriya yana da ƙwayar gadon, wani ba shi da ita, kuma madubin likita ba ya rarrabe su. Shi ya sa a yau masu bincike su ke neman ƙwayar gadon kanta cikin ruwa.

6. Aikin haske

Haske yana aiki ta fuska biyu, kuma ya kamata a raba su.

Fuska ta farko ita ce cikin ƙwayar. In haske ya yi rauni, ƙwayar ta kan ƙara kulorofil domin ta kama ɗan abin da ya samu, kamar mai tarar ruwan sama da ya ƙara jera kwanoni don ya ga yayyafi ne kawai a ke yi. A 1985 Helga Naes da abokan aikinta a ƙasar Norwe suka yi kiwon Oscillatoria brevis cikin haske iri-iri, suka ga yin jiyosmin yana tafiya tare da yin kulorofil. Wannan shi ne misalin mai lambu da ya ƙara ɗiba.

Amma akwai gwaje-gwajen da suka nuna ɗaya misalin, na toshe fangali. A 1992 Bowmer da abokan aikinta a Ostareliya suka gwada Anabaena circinalis daga kogin Murrumbidgee, suka ga in haske ya yi ƙarfi, rabon jiyosmin bisa kulorofil ya kan ƙaru. A 2009 kuma masana a ƙasar Sin suka gwada Lyngbya kuetzingii a zafi uku, digiri 10 da 25 da 35. Kulorofil ya fi yawa a digiri 25, amma jiyosmin ya fi yawa a digiri 10, inda girma ya yi nawa. Da suka gwada haske uku, jiyosmin ya fi yawa a mafi rauninsu, kulorofil kuwa a matsakaici. Abin da a ke fahimta daga waɗannan shi ne, sa'ad da wani abu ya tauye girma, ko sanyi ne ko hasken da bai dace da irin ba, tubalan da ba a yi gini da su ba su kan karkata zuwa wari. Kowane iri yana da hasken da ya dace da shi, don haka ba a ɗaukar sakamakon iri ɗaya a ɗora wa saura.

Fuska ta biyu ita ce cikin tafkin kansa, kuma ita ce ta fi nauyi ga mai kula da ruwa. Haske yana raguwa da zurfi. Masana sun ɗauki wurin da ya rage kashi ɗaya cikin ɗari na hasken sama a matsayin iyakar da mai rayuwa da haske zai iya girma. In ruwa ya yi zurfi ko ya gurɓace da laka, wannan iyaka ba ta kai ƙasa ba, shimfiɗar ƙasan ruwa ba za ta tsiro ba. In kuwa ruwa ya ja baya ya kuma kwanta, haske ya kai ga taɓo, ga kuma abinci jibge a taɓon, to, masu shimfiɗa sun sami gida. Haka aka gani a madatsar Miyun, wadda birnin Beijin ke sha daga gare ta: binciken da aka buga a 2015 ya nuna Planktothrix mai yin MIB ta fi yawa a sassan da ba su da zurfi, har masanan suka ba da shawarar a riƙe ruwa a sama da wani ma'auni domin a hana ta haske.

Daga nan wani abu mai kama da juyin hankali ya fito. In Microcystis ta rufe saman ruwa, ta kan yi wa na ƙasa inuwa, ita kuwa galibi ba ta yin jiyosmin ko MIB. Saboda haka ana iya samun tafki kore shar ba warin ƙasa, a kuma sami tafki garau mai wari.

7. Girma da mutuwa

In an zuba ƴan ƙwayoyi cikin kwalba mai abinci aka ajiye a haske, rayuwarsu ta kan bi mataki huɗu: ɗan jinkiri na sabo da wuri, sa'an nan ruɓanya da sauri, sa'an nan tsayawa sa'ad da abinci ko haske ya gaza, daga ƙarshe mutuwa. A lokacin ruɓanya, mafi yawan jiyosmin yana tsare cikin ƙwayoyin, kaɗan ne ya ke fita. MIB galibi ya fi shi saurin tsiyayowa. Amma sa'ad da ƙwayoyin suka tsufa suka fashe, duk abin da ke ciki sai ya watsu cikin ruwa gaba ɗaya.

Don haka akwai tambaya uku da ba a haɗa su: nawa ƙwaya ɗaya ta ke ƙerawa, ƙwaya nawa ne cikin ruwan, kuma kashi nawa na warin ya fita daga cikinsu. Ana iya samun ƙwaya mai yin wari da yawa amma ba ta da yawa a tafkin, ko mai yin kaɗan amma ta cika shi. Mai shan ruwa kuwa tambaya ta uku ce ta fi shafarsa, domin warin da ke cikin ƙwaya ana iya kwashe shi tare da ita, wanda ya narke kuwa ya wuce alam da ƙyalle. Wannan ne ya sa sau da yawa wari ya kan fi tsanani bayan gansakuka ta fara ɓacewa.

8. Shekara a ƙasar Daura

Masarautar Daura, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, tana kan iyakar Nijeriya da Nijar, ƙasa ce mai rairayi da gajeriyar damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Ruwanta iri uku ne: rijiyoyi da burtsatse, da tafkuna da kududdufai, da madatsu irin su Sabke da Daberam. Bari mu ɗora ƙa'idodin da suka gabata a kan kowanne.

Rijiya mai zurfi duhu ce. Rijiyar Kusugu, wadda tarihin Daura ya ce a cikinta Bayajida ya kashe macijiya, misali ce ta ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, wanda rana ba ta zama a kansa. Sayanobakteriya ba ta girma a irin wannan ruwa, sai dai a bakin rijiya inda a ke zubar da ruwa. In an ji warin ƙasa a rijiya, abin da ya fi kusa shi ne ya zo daga bakteriyar ƙasa irin Streptomyces, wadda ba ta bukatar haske, ko kuwa ruwan sama ya kwararo da shi.

Tafki da madatsa kuwa suna bin juyin shekara. Da damina ruwa ya kan cika ya yi ja da laka, haske ba ya wuce ƴan taƙi, masu shimfiɗa ba su da dama. Amma ruwan ya kan kwaso taki da kashin dabbobi daga gonaki ya tara, watau naitirojin da fosfaras, abincin gansakuka. Da kaka laka ta kan fara kwanciya, haske ya ƙara nutsawa, girma ya kankama. Da ɗari ruwa ya kan yi sanyi, hazo ya dushe rana, girma ya ragu, kuma wannan ne yanayin da gwaje-gwaje suka nuna waɗansu iri suna tara wari a cikinsu. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana ya kan kai digiri 40, ruwa ya ja baya ƙwarai, shanu su taru a bakinsa, haske ya kai ƙasa a wurare da yawa. A nan shimfiɗa ta kan yi kauri, har iskar da ta ke fitarwa ta ɗaga ta, a ga baƙaƙen faci-faci suna yawo a bisa ruwa.

Sa'an nan ruwan fari ya sauko. Abu biyu su kan haɗu: kwararar ta kawo jiyosmin daga ƙasar gona, laka kuma ta rufe haske farat ɗaya, shimfiɗar ta mutu ta saki abin da ke cikinta. Bisa ga wannan lissafi, ƙarshen bazara da farkon damina su ne lokacin da ya fi kamata mai kula da madatsa ya sa hanci da ido.

Kifi ma ya shiga lissafin. Sinadaran nan suna shiga jikin tarwaɗa da karfasa ta wurin da su ke shaƙar ruwa, su zauna cikin kitse. Masu kiwon tarwaɗa a jihar Misisifi ta Amurka sun daɗe suna asara saboda wannan. Maganinsa shi ne a mai da kifin cikin ruwa mai tsabta na ƴan kwanaki kafin a kai kasuwa. Jiyosmin kuma yana lalacewa cikin tsami, shi ya sa lemun tsami ya ke rage ɗanɗanon taɓo a kifi.

9. Wari daban, guba daban

Littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a ƙasar Hausa suna duba ruwa ta launi da ɗanɗano da wari, kuma sun yi rangwame ga ruwan da ya sake saboda taɓon mazauninsa ko gansakukar da ta tsiro cikinsa. Wannan hukunci ne na tsarki. Maganar lafiyar jiki kuwa tambaya ce daban.

Jiyosmin da MIB, a gwargwadon da a ke samun su cikin ruwa, ba su cutar da mutum. Amma waɗansu sayanobakteriya suna yin guba, kuma gubar ba ta da wari. Tun 1878 George Francis ya ba da labarin dabbobin da suka mutu bayan shan ruwan tafkin Alexandrina a Ostareliya. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka mutu saboda gubar maikurosistin da ta shiga ruwan da aka yi musu aiki da shi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram ɗaya cikin lita ga mafi shahara daga wannan guba. Tafasa ruwa ba ta kashe ta. Microcystis, wadda muka ce galibi ba ta da warin ƙasa, tana cikin manyan masu yin ta.

Hatsarin ta fuska biyu ya ke. Mutum ya kan amince da koren tafki don bai ji wari ba, ya shayar da garkensa. Wani kuma ya kan ƙi ruwan famfo da aka tsabtace don ya ji warin laka, ya koma kududdufin da ba shi da wari amma yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot. Wari gargaɗi ne cewa a bincika, rashinsa kuwa ba shaidar lafiya ba ne.

10. Abin da ya kamata a yi

Na farko, kada a kashe gansakuka cikin ruwan da za a sha nan da nan. Zuba maganin tagulla a madatsa, ko sa kulorin tun kafin tacewa, yana fasa ƙwayoyin, wari da guba su fita. Tsarin da ya dace shi ne a kwantar da su da alam, a tace su suna raye, sa'an nan a sa kulorin.

Na biyu, warin da ya riga ya narke kulorin ba ya iya masa. Abin da ke kama shi shi ne gawayin da aka sarrafa musamman har ya yi ƙofofi masu yawa, ko iskar ozon, ko tacewa a hankali ta cikin rairayi, inda waɗansu bakteriya su ke cinye shi.

Na uku, rigakafi ya fi magani. A rage takin da ke kwarara cikin madatsa, a yi wa dabbobi mashaya nesa da wurin ɗibar ruwa, a sa bakin bututun ɗiba a wuri mai zurfi, a kuma guji janye ruwa har haske ya kai ƙasa in da hali.

Na huɗu ya shafi malaman kwalejojin horon malamai. A 1865 wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya yi amfani da farin faifai ɗaure da igiya don auna garau ɗin ruwa: a saka shi a hankali har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Iyakar hasken da muka ambata ta kan kai ninki biyu zuwa uku na wannan tsawo. Farin murfin kwano da igiya da ɗan dutse sun isa. In ɗalibai suka riƙa auna wannan kowane mako a tafki guda, tare da zurfin ruwa da launinsa da abin da hanci ya ji, suka kuma rubuta kalmar da masunta da makiyaya da mata masu ɗibar ruwa su ke kiran kowane hali da ita, to, cikin shekara guda za su tara abin da zai amfani masanin ruwa da masanin harshe baki ɗaya.

11. Kammalawa

Mun ga cewa jiyosmin da MIB rassa ne na hanyar da sayanobakteriya ta ke gina kulorofil da karotin. Haske ne ya ke zaɓen irin da zai zauna a wane zurfi, shi ne kuma, tare da zafi da abinci, ya ke raba tubalan tsakanin launi da wari. Saurin girma ya ke ƙayyade yawan ƙwayoyin, mutuwarsu kuma ita ke sakin abin da suka tara. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai san dalilin da ya sa ruwa garau ya kan yi wari, kore kuma ya kan rasa shi, zai kuma san cewa hukuncin ko ruwa ya shawu ba a bar wa hanci shi kaɗai ba, sai an haɗa da awo.